Bai Zo Ba

Ni ke kiran suna a barikin Ikeja.
Da asuba, kafin kwandastoci su fara ihun Oshodi,
littafi a hagu, biro a dama,
in ƙirga maza kamar buhunan gero.

Haladu Ringim.
Shiru.
Haladu Ringim, igiya ɗaya.
Sai hankaka ya amsa daga kan tankin ruwa.

Hutun kwana bakwai aka ba shi,
don ya dawo daga daji da kunne ɗaya mai ji.
Rana ta takwas na sa masa alamar ya zo.
Ta tara ma haka, Allah ya yafe mini.
Ta goma samanja ya tsaya yana numfashi a ƙeyata,
biro ya fi bindiga nauyi,
na rubuta: bai zo ba.

Kalma uku.
Su suka tsai da albashi,
su suka kai takarda ƙofar Hansatu
cewa ɗakin na gwamnati ne, ta nemi wani.
Na gan ta tana ɗaure katifa da igiyar shanya,
ruwan Ikko na zuba, bai tambayi mai laifi ba.

Wata biyar.
Ashe bai tafi Kano ba, bai tsallaka Kwatano ba.
Yana nan kasuwar Mil Sha Biyu
yana sauke albasar Aliero daga tirela.
Takalminsa ne ya tona shi.
Cikin caɓin tumatir kowa da silifa,
shi kaɗai nasa ke ƙyalli kamar ranar fareti.
Masu jar hula suka ce: soja!
Jiki ya ƙame kafin zuciya ta yi shawara.

A kotun soja fanka tana ƙara kamar tsohon keke.
Hafsoshi sun jeru bayan dogon tebur,
shi ba hula, ba ɗamara, tsakanin mutum biyu.
Mai ƙara ya ce: wanda ya makara daban,
wanda ya gudu ba da niyyar dawowa ba daban,
kuma igiyar na biyun ta fi tsawo.
Sai aka shiga neman niyya
kamar ana neman allura a Legas.

Suka ce ya yi magana.
Ya ce: ranka ya daɗe, na zo.
Rana ta takwas na zo har bakin ƙofa da jakata,
aka busa bigila, ƙafata ta ƙi.
Na ba ta umarni, ta ƙi.
Kullum da asuba ina goge takalmi, in ce yau.

Wani manjo ya sunkuya ya dubi takalmin,
ya daɗe yana duba.
Abin da ya kama shi, shi ya rage masa hukunci:
mai niyyar tafiya har abada
ba ya sayen baƙin mai da kuɗin dako.

Duk da haka doka ba ta san ƙafa ba.
Aka ɓalle igiyar da reza, zare ya rage a hannun riga,
watanni a ɗaure, bayansu sallama,
shekara tara na aiki suka bi iska.
Ni ma aka buɗe littafina a gabana,
alama biyu na ƙarya suka ci mini igiya guda.
Ban yi gardama ba. Na yi.

Har yau ni ke kiran suna.
An ja masa layi da jan tawada, madaidaici, da rula.
Amma tsakanin Hafizu Gumel da Halliru Bena
nakan tsaya numfashi ɗaya.
Samanja ya ɗauka tari ne ke damuna.